Kar ka biya kuɗin dizal ɗin nan tukuna

Wa alaikumus salam ƙanina, na ga saƙonka da hoton Golf ɗin, ka ce dizal ce ƙirar 2012 ka gani a Facebook da arha, kana so ka kama da zarar ka sauka Landan saboda zuwa makaranta da wajen aiki. Don Allah kar ka tura ko kwabo. Arhar nan tana da dalili, mai motar neman kai yake da ita.

Akwai dokar hayaƙin mota a nan da ake kira ULEZ, an fara ta a tsakiyar gari a Afrilun 2019, aka faɗaɗa a 2021, daga 29 ga Agusta 2023 kuma magajin gari Sadiq Khan ya sa ta mamaye duk unguwannin Landan. Motar fetur sai ta kai matakin Euro 4, yawanci daga 2006 zuwa sama kenan, ita ko dizal sai Euro 6 wanda galibi daga Satumban 2015 ne. Taka ba ta kai ba, to duk ranar da ka hau titi da ita fam 12.50 ne ko da bayan layi ka je siyo burodi, ka lissafa kwana 20 a wata fam 250 kenan ba a zo maganar inshora ba wadda sabon zuwa ke shan wuya a kanta. Kuma fa ba ɗan sanda ne zai tsare ka ba balle ka ce yallaɓai a yi haƙuri, kyamara ce ke ɗaukar lambarka, in ba ka biya ba sai dai ka ga takarda a gida, tarar fam 180, ko 90 in ka biya cikin kwana 14. In ma Birmingham ka nufa can ma fam 8 ne a tsakiyar gari.

Abin da kanikawanmu ke yi a gida na cire indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, a sayar, nan kar ka soma. Duk motar da ta shekara 3 sai an kai ta gwajin lafiyar mota da ake kira MOT duk shekara, za su zura ƙarfen awo a bakin salansa, in suka ga an cire matatar hayaƙin dizal ta faɗi kenan. Matatar nan kuma toshewa take in kullum gajeriyar tafiya kake cikin go-sulo, gyaranta da tsada.

Mutanenmu da yawa na cewa zalunci ne, na san masu ƙaramin ƙarfi sun ji jiki, amma wallahi ni ina bayan dokar. Akwai yarinya Ella 'yar shekara 9 da ke zaune kusa da babban titin South Circular, asma ta yi ajalinta a 2013, a 2020 kotun binciken mutuwa ta tabbatar gurɓatar iska na cikin sanadin rasuwarta. Mu da muka taso muna shaƙar hayaƙin 'yan acaɓa a Kano mun san yadda ƙirji ke yi da yamma.

Shawarata, watannin farko ka riƙe bas da jirgin ƙasa, dama bizar ɗalibi aikin awa 20 ta ba ka a sati lokacin karatu kuma ba ta yarda ka yi Uber ba. In mota ta zama dole nemi ƙaramar fetur, ka sa lambarta a shafin TfL, hukumar sufurin Landan, ka ga ta wuce kafin ku fara ciniki. A wace unguwa makarantar taku take? Faɗa min in duba maka hanya.