Ɗaya ta ce 87, ɗaya ta ce 174

Ka ce manhaja ɗaya ta auna waƙarka ta ba da bugu 87 a minti, ɗaya 174, har kiban StepMania, wasan kwamfuta da ake bin kibau daidai da kiɗa, suka daina bin kiɗan. Malam, babu wadda ta yi ƙarya: ɗaya na ƙirga kowane bugu, ɗaya na tsallake guda. Ni iyaka nake sa wa manhajar, 100 zuwa 199, duk wanda ya gaza sai in ninka shi.

Mai wuyar shi ne idan ɗaya ta ce 120, ɗaya 180, a kiɗa mai tafiya uku-uku. Ninki ba ya maganinsa. Ɗora ƙas-ƙas ɗin awon bugu (metronome) a kan waƙar, ka kasa kunne har ƙarshe. Ka daidaita bugun farko kafin ka ja sautin don sauya saurinsa.