Tambayar ɗalibi a ajin kemistiri

Malama, kin tambaya ko yawan tambayoyin ɗalibai na cinye lokacin darasin kemistiri. A ganina ba asara ba ce ko kaɗan. Yaron da ya ce, "Idan kyandir ya ƙone, ina ya tafi?" ya nuna miki inda fahimtarsa ta tsaya: yana zaton abu kan ɓace kurum. Nan ne za ki nuna masa kakin ya haɗu da oksijin, ya koma tururin ruwa da iskar kabon-dayoksaid, jimillar nauyi kuma tana nan. Wannan ita ce dokar da masanin kemistiri Lavoisier ya bayyana a 1789. Wanda ya haddace dokar kawai, da wuya ya iya aiki da ita. Masu jin kunya kuwa, su rubuto tasu a takarda, ba suna.