Filin Tambaya da Amsa: Kayan Makaranta da Dokokin Shiga a Sakandare

Da shigowar sabon zangon karatu, yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili sun karkata ne ga batu guda, wato kayan makaranta da ƙa'idojin shiga da ake gindaya wa ɗaliban sakandare. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun taƙaita su ba tare da sauya manufarsu ba, sannan mun sakaya sunayen masu su da na makarantun kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare. A makon jiya an juyo da ita daga bakin ƙofar makaranta, wai rigarta ta koɗe, kuma takalminta ruwan ƙasa ne ba baƙi ba, alhali ranar suna da gwajin lissafi. Na je na roƙi a ɗaga mini ƙafa zuwa ƙarshen wata, aka ce doka ce, kuma ba a yarda in sayi yadi in kai wa tela ba, sai dai in sayi ɗinkakke a hannun makarantar. Shin wannan daidai ne? Daga wata uwa mai 'ya'ya huɗu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Makaranta tana da haƙƙin tsara irin kayan da ɗalibanta za su sa, kuma duk iyayen da suka kai ɗansu sun amince da wannan tsari tun ranar da suka yi masa rajista. Amma kafa doka daban, yadda ake zartar da ita daban, kuma a nan ne nake ganin makarantar 'yarki ta kauce hanya. Ba yarinyar ce ke sayen takalmi ba, ba ita ce ke biyan kuɗin ɗinki ba, saboda haka hana ta rubuta gwaji a kan abin da ba ya hannunta hukunci ne da ya faɗa kan wanda bai ci ba bai sha ba. Ita kuwa rigar da ta koɗe, sau da yawa shaidar tsafta ce, domin ɗalibar da ke da riga ɗaya tak takan wanke ta da yamma, ta shanya, ta goge da asuba, wani lokaci ma ta sa ta da sauran danshi a wuya da hammata, kuma babu yadin da zai jure haka har shekara biyu launinsa bai tashi ba.

Yana da kyau shugabannin makarantu su tuna inda wannan tsari ya samo asali. Ɗaya daga cikin tsofaffin kayan makaranta da aka sani shi ne na makarantar Christ's Hospital, wadda aka kafa a Landan a shekarar 1552 domin marayu da 'ya'yan matalauta, kuma makarantar ce ke tufatar da yaran da doguwar kwat shuɗiya, wadda har yau ɗalibanta ke sawa tare da safa rawaya. Ke nan tufar da aka fara ta domin rufa wa ɗan talaka asiri, bai kamata ta zama ita ce ke tare shi a bakin ƙofa ba.

Wannan ba magana ce ta tausayi kawai ba, an gwada an gani. Masana tattalin arziki Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer sun gudanar da bincike a makarantu 328 a yammacin Kenya, inda aka raba wa 'yan aji shida na firamare kayan makaranta kyauta a wasu makarantun, aka bar wasu yadda suke, sannan aka bi diddigin yaran na tsawon shekaru. Sakamakon da suka wallafa a 2015 ya nuna cewa inda aka ba da kayan, yawan masu barin karatu ya ragu, haka ma ɗaukar ciki a ƙananan shekaru ya ragu a tsakanin 'yan mata. Abin da wannan ke nunawa shi ne, kuɗin riga kaɗai yana iya raba yaro da aji.

Game da tilasta sayen ɗinkakke a wuri guda, wannan kuka ne da iyaye ke yi a ƙasashe da dama. A Ingila sai da majalisa ta yi doka a kansa a 2021, kuma ƙa'idar da ta biyo baya ta umarci makarantu su rage yawan kayan da ke ɗauke da tambarinsu, su tabbatar ana samun kayan da aka taɓa sawa ga mai buƙata, sannan idan ɗan kasuwa ɗaya ne ke kawo kayan, a riƙa sake buɗe kwangilar aƙalla duk shekara biyar. Hanya mafi sauƙi ita ce makaranta ta fayyace launi da irin yadi da fasalin ɗinki, ta sayar da bajo kaɗai, kowa ya kai wa telan da ya ga dama.

Shawarata ita ce ki rubuta wa shugaban makarantar takarda cikin ladabi, ki nemi abu uku a fili: ranar da za ki kammala kayan, izinin 'yarki ta ci gaba da shiga aji kafin ranar, da kuma damar sake rubuta gwajin da ta rasa. Ki nemi a ba ki dokokin shigar a rubuce, domin sau tari abin da mai gadi ko firifet ke faɗa a ƙofa ya fi abin da ke cikin takarda tsanani. Idan hakan bai yi ba, ki kai maganar taron ƙungiyar iyaye da malamai, ki kuma kawo shawarar a riƙa karɓar kayan ɗaliban da suka kammala ana adana su domin masu ƙaramin ƙarfi. Za ki tarar ba ke kaɗai ce mai wannan damuwa ba.

Tambaya: Ni malami ne, kuma ina cikin kwamitin ladabtarwa na makarantarmu. Kullum ana gaya mana cewa tsananta dokar kayan makaranta yana gyara tarbiyya kuma yana ɗaga sakamakon jarrabawa. Akwai hujja a kan haka, ko dai faɗa kawai ake yi? Daga wani malamin sakandare.

Amsa: Malam, hujjar ba ta kai ƙarfin yadda ake zuzuta ta ba. An fi yin wannan muhawara a Amurka, tun bayan da hukumar makarantun Long Beach a jihar Kalifoniya ta wajabta kayan makaranta a firamare da ƙaramar sakandare a 1994, sannan Shugaba Bill Clinton ya goyi bayan tsarin a jawabinsa ga majalisa a 1996. Bayan shekara biyu, David Brunsma da Kerry Ann Rockquemore suka nazarci bayanan dubban ɗaliban sakandare, ba su ga cewa kayan makaranta sun rage shaye-shaye ko rashin ɗa'a ko fashin aji ba. A 2012 kuma Elizabeth Gentile da Scott Imberman sun gano ɗan ƙarin halartar makaranta a matakin sakandare, musamman ga 'yan mata, amma ba su ga wani sauyin a-zo-a-gani a makin jarrabawa ba. Ga kuma ƙasar Finlan, wadda ɗalibanta ba sa sa yunifom, amma ta daɗe ana ambatonta cikin ƙasashen da karatunsu ke da inganci.

Wannan bai sa ni cikin masu son a soke kayan makaranta ba. Amfaninsu yana nan, sai dai ba inda ake nemansa ba. Suna rage gasar ado tsakanin ɗan mai hali da ɗan mara hali a shekarun da yaro ya fi jin zafin gori, suna sa a gane baƙon da ya shigo harabar makaranta nan take, suna sa ɗalibin da ke yawo a lokacin karatu ya fito fili, kuma suna hutar da gida daga gardamar abin da za a sa kowace safiya. Waɗannan sun isa dalili. Abin da nake roƙon kwamitinku shi ne ku lissafa mintunan da ake kashewa bayan asambuli ana duba safa da bel da farce, a daidai lokacin da darasin farko ya riga ya fara, sannan ku tambayi kanku ko ribar ta kai asarar. Makarantar da ake yaba wa tarbiyyarta takan kasance mai malaman da ke shiga aji a kan lokaci, kuma tsabtar shigar ɗalibanta daga nan take fitowa, ba ita ce ke haifar da tarbiyyar ba.

Tambaya: Ina aji uku na ƙaramar sakandare. A makarantarmu dokokin mata sun fi na maza yawa nesa ba kusa ba: tsawon siket, tsawon hijabi, irin kitso, ɗankunne, har da launin abin ɗaure gashi. Su kuma maza, idan sumarsu ta yi yawa, malami yakan sa almakashi ya yi musu ɓarin aski a gaban kowa. Shin ɗalibi yana da ta cewa a kan irin waɗannan dokoki? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, kin yi tambaya mai nauyi, kuma kotuna a ƙasashe da dama sun sha fama da ita ba tare da sun haɗu a kan amsa guda ba. A 1969 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan ɗaliban da aka dakatar saboda sun ɗaura baƙin ƙyalle a hannu domin nuna adawa da yaƙin Biyetnam, ta ce shiga makaranta ba ya raba ɗalibi da 'yancinsa muddin bai dagula karatu ba. Faransa kuwa ta bi wata hanya daban, domin a 2004 ta haramta fitattun alamomin addini a makarantun gwamnati, a 2023 kuma ta ƙara da abaya. A Biritaniya, kotu mafi girma ta lokacin ta bai wa wata makaranta gaskiya a 2006 kan hana jilbabi, bisa la'akari da cewa makarantar ta tuntuɓi iyaye da malaman addini, kuma ta riga ta amince da riga da wando da ɗankwali a cikin kayanta. A Najeriya, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yunin 2022, da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu, cewa ɗalibai Musulmi suna da damar sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Saboda haka iyakar 'yancinki ta dogara ne da dokar ƙasarki da kuma irin makarantar da kike, ta gwamnati ce ko mai zaman kanta.

Batun gashi ma ya kai gaban alƙalai. A Gana, babbar kotu ta umarci makarantar Achimota a 2021 ta karɓi ɗalibai 'yan Rasta da ta ƙi ɗauka saboda gashinsu. A Japan kuwa wata ɗaliba a Osaka ta kai ƙara a 2017 bayan an matsa mata ta rina gashinta baƙi, daga baya kuma, a 2022, makarantun da ke ƙarƙashin hukumar birnin Tokyo suka soke dokar rina gashi da ta ƙayyade launin kayan ciki, bayan an zauna da ɗalibai da iyaye an bi dokokin ɗaya bayan ɗaya.

Wannan mataki na Tokyo shi ne nake ganin ya fi dacewa da ku. Kowace doka a tambaye ta dalilinta. Hana dogon ɗankunne a filin wasa da ɗakin gwaje-gwaje yana da dalili, domin yana iya saƙalewa ya tsaga kunne; ɗaure gashi ko gyara hijabi kusa da wuta da sinadarai yana da dalili; sutura mai mutunci ga mace da namiji tana da dalili. Amma dokar da ba wanda zai iya faɗin amfaninta sai "haka muka tarar", ta cancanci a sake duba ta, musamman idan jinsi ɗaya ne kaɗai ke ɗauke da nauyinta. Shi kuwa ɓarin aski a bainar jama'a, ban ga gyaran da yake kawowa ba, tozartawa ce, kuma almakashi ɗaya a kan kawuna da yawa yana iya yaɗa makero. A rubuta wa iyaye, a ba yaro kwana biyu ya je wurin mai aski, shi ke nan. Ku tattara ƙorafinku a rubuce, ku bi ta hannun shugabar ɗalibai da malamar da kuka amince da ita, ku kuma ci gaba da bin dokar kafin a sauya ta, domin kada a sami abin da za a fake da shi a ƙi sauraronku.

Tambaya: Na ɗinka wa ɗana wandon makaranta mai walawa, sai ya kai wa tela a ɓoye aka tsuke shi, ga shi yanzu makaranta ta ce ba zai shiga da shi ba. Me zan yi? Daga wani uba.

Amsa: Malam, a nan kam makaranta ce ke da gaskiya, domin wannan aikin yaron ne, ba na aljihunka ba. Saurayi mai shekara sha biyar yana neman abin da zai bambanta shi da sauran, kuma idan aka hana shi launi sai ya koma kan faɗin ƙafar wando, ko naɗe hannun riga, ko sakin maɓallin wuya. Ka juya wandon ka duba cikinsa. Idan telan naɗe yadin ya yi bai yanke ba, farke ɗinkin kawai za a yi a goge, kuma kuɗin farkewar ya fito daga kuɗin kashewar yaron. Idan an yanke, ka nemi makarantar ta ba shi mako guda yana shiga aji kafin a ɗinka wani, kuma wannan karon ku je wurin awo tare, ka bar shi ya faɗi ra'ayinsa a cikin iyakar abin da dokar ta yarda, sannan ka ce wa telan ya bar yadi a kalmasa saboda tsawon da zai ƙara kafin shekara ta zagayo.