Matan da Suka Ƙi Sake Aure a Turai ta Dā

Tambaya: Anti, maigidana ya rasu bara, dangi sun matsa mini in sake aure. Wai a Turai ta dā, Kirista in mijinta ya mutu sai gidan zuhudu? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya ba ki haƙuri. Ba haka ba ne. Wasu sun sake aure, wasu sun shiga zuhudu, amma akwai hanya ta uku. A Ingila mace kan durƙusa gaban bishop ta yi alkawarin ba ta ƙara aure, ya ba ta zobe da mayafi, ta koma gidanta tana juya dukiyarta. Yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, wadda sarkin Ingila ya ƙulla da manyan ƙasarsa, ita ma ta hana a tilasta wa matar da mijinta ya rasu aure.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Elizabeth, 'yar sarkin Hungary. Mijinta ya rasu a 1227, tana da shekara 20. Kawunta, bishop ne fa, ya so aurar da ita, ta ƙi. Ta gina asibiti a garin Marburg na ƙasar Jamus, tana jinyar marasa lafiya da hannunta, har ta rasu a 1231. Sai dai ta rabu da 'ya'yanta uku, wannan kam yana yi mini ciwo.