Amsar Baffa: Shekarar da Kano Ta Ga Sarakuna Uku

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na ga abin da kake tambaya: wane ne a al'adar Kano yake da ikon naɗa sarki, sannan ko fitar da sarkin da aka sauke daga gari abu ne da muka gada kaka da kakanni. Na san rikicin sarautar da ya taso tun 2020 ne ya sa ka wannan tunani, amma ba zan tsoma baki a cikinsa ba, domin ko a zaurenmu kawuna sun rabu. Zan mayar da kai shekarar 1963, wadda na gani da idona ina saurayi, domin amsarka tana cikinta.

A al'ada, masu zaɓen sarki huɗu ne: Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Madaki daga Yolawa yake fitowa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai kuma daga Dambazawa, wato gidajen da suka taka rawa a jihadi, kuma hikimar abin ita ce mai zaɓe ba ya cikin masu neman gadon. To amma kada wani ya ruɗe ka cewa maganarsu ce ta ƙarshe. A zamanin daular Usmaniyya sai Sarkin Musulmi ya amince, kuma naɗin Tukur da aka yi daga Sakkwato a 1893, aka tsallake Yusufu, shi ne ya haifar da yaƙin basasa. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sai wannan iko ya koma hannunsu, bayan 'yancin kai kuma ya faɗa hannun gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna.

Sarki Muhammadu Sanusi ya gaji mahaifinsa Abdullahi Bayero, ya yi kusan shekara goma a kan mulki, kuma ku da kuka taso yanzu ba za ku iya kwatanta ƙarfin sarki a wancan lokaci ba. Baitulmali na En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, a ƙarƙashinsa yake, haka 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai, ga kotunsa ta kansa a fada. En'en Kano kuwa babu mai arzikinta a duk Arewa, saboda gyaɗa da haraji da jangali. Shi ne kuma ginshiƙin jam'iyyar NPC a birnin da ya haifi NEPU ta Malam Aminu Kano. Duk da haka gwamnatin NPC ɗin ce, ƙarƙashin Firimiya Sardauna Ahmadu Bello, ta naɗa Bature Muffett ya binciki kuɗin En'e, kuma bayan rahotonsa sarki ya yi murabus a farkon 1963, aka kai shi Azare. A takarda murabus ne, amma a Kasuwar Kurmi babu wanda ya ɗauke shi haka. Ina tuna kakanka yana zaune bakin rumfarsa, an karanta masa labarin a Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya karɓi jaridar ya ninke ta ya tura ƙarƙashin tabarma, bai sake cewa uffan ba har aka kira la'asar. A ganina batun kuɗi gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne: Kaduna ba ta shirya zama da sarkin da yake ganin kansa daidai da Firimiya ba.

Masu zaɓe suka zauna, aka naɗa Galadima Muhammadu Inuwa, ƙanin Abdullahi Bayero, dattijo mai sanyin hali. Watanni kaɗan ya yi, Allah Ya karɓi abinSa a watan Oktoba. A cikin watan nan aka kira Ado Bayero daga Senegal inda yake jakadan Najeriya, tsohon Wakilin Doka, yana ɗan shekara 33, kuma shi ne ya zauna a gidan Dabo har 2014. Ka lura da yadda ake naɗin: tagwayen masu da takalmin gashin jimina na gargajiya ne, amma sandar girma gwamna ne yake miƙa ta, kuma Turawa ne suka kawo wannan tsari.

Kada ka ɗauki abin da ya faru a Kano shi kaɗai, domin a shekarar ƙasar gaba ɗaya ake yi wa sabon zubi. An yanki Jihar Tsakiyar Yamma daga Yamma, an ɗaure Cif Awolowo shekara goma a watan Satumba, ranar 1 ga Oktoba Najeriya ta zama jamhuriya da Azikiwe a matsayin shugaban ƙasa, a watan Nuwamba kuma aka sake ƙidayar jama'a wadda ta ba da kusan miliyan 56, aka yi ta jayayya a kanta. 'Yan siyasa suna tattara iko a hannunsu, kuma sarakuna suna cikin waɗanda aka karɓe wa. Magoya bayan Sanusi ma ta hanyar siyasar suka mayar da martani, suka kafa jam'iyyar mutanen Kano, wato KPP.

Batun fitar da sarki daga gari kuwa, mutane suna kafa hujja da cewa sarki biyu ba sa zama gari ɗaya, kuma akwai hankali a cikin hakan, don bayi da barori da masu mubaya'a ba sa juya baya dare ɗaya. Sai dai tsare sarki a wani gari da umarnin hukuma dokar Turawa ce, wadda a Kano suka fara da Sarki Alu, aka kai shi Yola sannan Lokoja, inda ya rasu a 1926. Da ita aka bi Sarki Sanusi zuwa Azare, ya yi kusan shekara ashirin yana karantarwa a matsayin halifan Tijjaniyya, kafin a dawo da shi Wudil inda ya rasu a 1991. A 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce irin wannan kora, da aka yi wa jikansa Sarki Muhammadu Sanusi II zuwa Jihar Nasarawa bayan an sauke shi a 2020, ta saɓa wa kundin tsarin mulki.

Ka gaishe da mahaifiyarka da ƙannenka.