Tsohon katun ne, ko zan iya fassara shi in ɗora?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ɗora wa kashi 4 na katun ɗin The Big O muryar Hausa, na sa a YouTube, sai ga gargaɗin haƙƙin mallaka. Tashar nan da ita nake ci da iyali, hankalina a tashe yake. Wani da ya daɗe a sana'ar ya ce kuskuren na'ura ne, wai katun ɗin na shekarun 1960 ne, masu shi sun mutu, in juya hoton hagu zuwa dama in sake ɗorawa. In bi shawararsa?

Amsa: Ƙanena, kada ka sake ɗorawa. Gargaɗi irin wannan yana goguwa bayan kwana 90, amma idan uku suka taru a kanka ana iya rufe tashar baki ɗaya.

Shi kuwa mai shawarar, ya ga furfura ya ɗauka tsufa ne, alhali rini ne. The Big O ya fara fitowa a watan Oktoban 1999 a tashar WOWOW ta Japan. Kamfanin Sunrise ne ya yi shi, Kazuyoshi Katayama ya ba da umarni, Keiichi Sato ya tsara mutanen da butum-butumin. Da gangan suka tsufar da shi. Dubi ƙaton butum-butumin da ke cikin katun ɗin da kyau: jikinsa kamar kan jirgin ƙasa, ga ƙusoshi a jere, ga fistin a bayan kowane hannu da ke ja baya kafin ya kai naushi, tafiyarsa kuma da ƙyar, kamar mai ɗauke da buhun siminti. Inuwar fuska baƙa ƙirin, babu shiga-tsakani. Sunrise ya taɓa yi wa Amurkawa aikin kwangila a katun ɗin Batman na farkon shekarun 1990, kuma ana ganin hannun a nan. Har labarin ma na birnin da mutanensa suka manta komai shekara 40 baya ne, don haka motoci da wayoyin ciki duk na da ne.

Wannan magana ta "tsohon fim ba shi da mai shi" ta ishe ni. Kusan kullum sai wani ya kawo min ita, kuma daga bakin mutum ɗaya take fitowa: wanda bai taɓa karanta sunayen da ke hawa a ƙarshen fim ba, amma ya zama lauyan bakin kasuwa. To, mu ɗauka ma gaskiyarsa ce, na 1960 ne. Dokar Japan tana kare fim shekara 70 daga fitowarsa. Tetsujin 28, kakan waɗannan butum-butumai, da aka fara nunawa a talabijin a 1963, ko shi bai kuɓuta ba tukuna. Mutuwar mai zane ba ta mayar da aikinsa kayan tsintuwa, akwai magada, akwai kamfani. Najeriya kuma tana cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, saboda haka "ai ni a Kano nake" ba kariya ba ce. Juya hoto, ƙara sauri, rubuta "ba nawa ba ne" a ƙasa, duk laya ce ta bogi. Mai shi ba ya buƙatar na'ura, da idonsa zai gani ya kai ƙara.

Kuma masu wannan katun sun san zafin kuɗinsu. Kashi 26 aka tsara, aka tsaya a 13 don 'yan kallo sun yi ƙaranci a Japan. Sai da ya karɓu a Amurka a 2001, tashar Cartoon Network ta zuba kuɗi, sannan ragowar 13 suka fito a 2003. Sunrise yanzu yana ƙarƙashin sunan Bandai Namco Filmworks, ba su mutu ba.

Kada ka shigar da ƙorafin cewa kuskure ne, don ba kuskure ba ne. Ka duba sauran bidiyoyinka a daren nan, duk wanda ke da irin wannan matsalar ka sauke shi da kanka.