Amsa ga Alhaji kan maganar ƙaramar tarakta

Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da dare. Alhaji ranka ya daɗe, na ji saƙonka tun da rana, ina hanyar dawowa daga Epe ne gosulo ya riƙe mu a Ikorodu, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka samu eka 8 a wajen Agbowa nan jihar Legas, rogo da masara za ka yi da ɗan lambu, kana tambaya wace ƙaramar tarakta za ka saya.

To ni kafin mu zo kan wacce, an cire kututture a gonar? Don nan fa ba Funtuwa ba ce ko Bichi da gona take fetal tun kaka da kakanni, nan daji ne aka sare, saiwa tana nan kwance a ƙasa ba ka ganinta. Ni shekarar da na fara, garmata ta daki wani kututturen kwakwar manja, faranti ɗaya ya tsage, sati biyu ina zaune ina kallon ruwa yana sauka maƙwabta suna shuka. In ba a tone su ba wallahi ko wace iri ka kawo wahala za ta sha.

Sannan ƙasar. Ka san a nan ruwa daga Afrilu yake yi har Yuli, ya ɗan ɗaga ƙafa a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, kuma wajen nan akwai gurare masu riƙe ruwa, saboda haka ka nemi mai fowil, wadda duka tayoyi huɗu suke ja. Mai ja da tayoyin baya kawai ta fi sauƙin kuɗi, amma ranar da ta kafe a taɓo za ka gane.

Maganar ƙarfi, ƙananan nan suna kamawa ne daga ƙarfin doki 25 zuwa 50. In lambu ne kawai, alayyahu, ugu, tattasai, mai 25 ko 30 da injin nan mai barbaje ƙasa a baya ta ishe ka. Amma tunda ka ce rogo, ana buƙatar garma da haro mai farfasa ƙasa da rija mai tada kunya, ni dai ba zan sauka ƙasa da 45 ba. Kuma ka sani tarakta ita kaɗai ba ta noma, kayan bayanta su ne aikin, kuɗinsu daban, kuma na manyan taraktoci masu doki 75 ba za su hau kanta ba, ko sun hau ba za ta iya ɗaga su ba. Ka duba sandar nan mai juyawa a baya, PTO, ta zama mai juyi 540 a minti, yawancin kayan da shi suke aiki.

Suna kuwa, akwai Kubota ta Japan, Mahindra ta Indiya, ga Massey Ferguson da muka taso muka gani. Duk suna aiki. Ni abin da nake cewa ka fara nemo makanike, ka tambaye shi wacce yake samun kayanta, sannan ka saya. Kar ka ce ai kasuwar Ladipo na nan, Ladipo kayan mota ta fi yi. Tokumbo ɗin nan 'yan ƙanana masu rubutun Japan a jiki, an yi su ne don gonar shinkafa a can, sun yi kyau a ido, amma filta ɗaya sai ta ajiye ka wata guda. In tsohuwa za ka ɗauka, ka je da sassafe a tada ta inji na sanyi a gabanka, ka kalli hayaƙin, a ɗaga garma a kashe inji ka ga ko za ta riƙa sauka da kanta.

Amma Alhaji in faɗa maka gaskiya, eka 8 hekta 3 ne da ɗan ɗoriya, cikin 'yan kwanaki ta gama, sauran shekara tana zaune tana tsatsa a wannan raɓar ta Legas. Sai dai in za ka riƙa ba da haya, shi ma sai da direba mai amana. Ni da ni ne, bana haya zan ɗauka, akwai ma kamfanin Hello Tractor da ake neman hayar tarakta a wajensu ta waya, ko in sayi ta turawa mai taya biyu, doki 12 zuwa 15, in ga yadda gonar take tukuna.

Af, kar in manta, yaranka ka ja musu kunne. Ba a ɗaura sarƙa a sama a ce za a fizge kututture, sai a ƙugiyar ƙasa, in ba haka ba gabanta tashi yake ta kife ta baya kan direba. Kuma ba a zuwa kusa da PTO da babbar riga ko rawani tana juyawa.

Asabar in Allah ya kai mu ina Mile 12 da safe, in ka shirya sai mu wuce tare in taka gonar da ƙafata. Ka taho da takalmin ruwa.